Dogon Waken Malam Na-Bita

Idan ana lissafin mutanen da Allah ya yi wa makarantar firamaren unguwarmu rahama da su, to a fara da mataimakin hedimasta, sannan a zauna a huta, a sha ruwa, kafin a ambaci na biyu. Mutum ne da ilimi ya yi wa yawa har yana tsiyaya. Tafiyarsa darasi ce, gyaran muryarsa ma darasi ne. Ba ya shiga aji kai tsaye, sai ya ɗan tsaya a bakin ƙofa ya ba ajin dama ya gane wanda ya zo.

Da can malami ne kamar kowa, hannunsa fari fat da alli, aljihunsa da jan biro mai yoyo. Sai aka aiko cewa a tura mutum ɗaya taron bita a babban birni, inda za a nuna wa malamai yadda ake koyar da yara ta hanyar ayyukan hannu da suka dace da kowane yanayi na shekara. Malamar da ya kamata ta je tana jego. Wanda ke bi mata yana fama da haƙori. Haka abin ya yi ta gangarowa har ya faɗo a kansa. Ya tafi da sunan da aka raɗa masa, ya dawo ya sami wani, domin tun daga ranar ba ya buɗe baki sai ya ce, "Kamar yadda muka gani a wajen bita." Ɗakin malamai ya yi haƙuri, ya ƙara haƙuri, daga ƙarshe ya sa masa Malam Na-Bita. Da sunan ya kai kunnensa bai ji haushi ba. Ya ɗauka sarauta ce.

Ya dawo da wani kati mai hotonsa rataye a wuya, irin wanda ake ba mahalarta taro don kada a hana su shayi. Bitar ta ƙare tun bara, amma ba wanda ya gaya wa katin. Da shi yake koyarwa, da shi yake zuwa aski, kuma maƙwabtansa sun ba da shaida cewa da shi yake fitowa zubar da shara.

A taron malamai na farko bayan dawowarsa ya miƙe, ya dafa tebur da yatsu, ya dube mu da tausayi.

"'Yan'uwana malamai," in ji shi, "ba na zargin kowa. Wanda bai je ba bai gani ba. Amma zamanin alli da allo ya wuce. Yaron yanzu dole ya taɓa yanayi, ya shaƙi yanayi, ya rungumi yanayi. Kamar yadda muka gani a wajen bita, kowane yanayi littafi ne. Ni kuma Allah ya nufa ni zan karanta muku shi."

Baba Hedimasta, tsoho mai son zaman lafiya, ya gyaɗa kai don a tashi da wuri. Malam Na-Bita ya ɗauki wannan gyaɗa kan a matsayin naɗi. Washegari aka ga allo a ƙofar ofishinsa an rubuta "Babban Mai Tsara Ayyukan Yanayi". Ofishin nan kuwa asalinsa sito ne na ajiye tsintsiya da karyayyun bencina. Ba shi da taga ko ɗaya. Abin da ke ciki tebur ne, da kujerar katako mai ƙafa ɗaya gajeriya, da wani ƙaton kabad na ƙarfe da aka rasa yadda za a fitar da shi.

Da zafi ya shigo, ya umarci 'yan aji huɗu, ajin da yake riƙe da shi, kowa ya zo da kwali. Aka yanka mafici, aka shafa masa launi. To amma mafici ba ya zama kimiyya sai an gwada shi, gwaji kuma yana buƙatar masanin da zai auna sakamako. Malam ya sadaukar da kansa. Ya zauna, ya ɓalle maɓallin wuya, yara na zuwa bibbiyu suna yi masa fifita, shi kuma ya lumshe ido yana ba da maki. Marasa fahimta da suka wuce ta baranda sun ce barci yake yi. Auna iska yake.

Da itatuwan filin makaranta suka fara zubar da ganye, malamar aji biyu ta fita da yaranta suka tsinto, suka manna a takarda, kowa ya rubuta sunan bishiyar da ganyensa ya fito. Malam ya leƙa ya ga wani ganyen da huji, wani ya lanƙwashe, babu guda biyu masu kama ɗaya. Ya girgiza kai don takaicin yadda bishiya ke aiki babu tsari. A nasa ajin da almakashi aka yanka ganye daga takarda, duk girma ɗaya, aka jera a bango layi-layi. Na gaskiyar kuma ya sa aka share aka ƙone, don kada su ruɗa yara.

Amma darasin da ya fi shahara shi ne na ruwan sama. Ranar da aka yi ruwan farko, yara suka ruga taga suna tsalle suna miƙa hannu. Malam ya daka tsawa, ya sa aka rufe tagogi gam. Ya zana gajimare a allo, ya ja masa layi-layi a ƙasa, ya rubuta "ruwa" ya ja kibiya. Wani yaro a bencin baya, wanda kwanon ajin ke yi wa yoyo daidai tsakar kai, ya ɗaga ido yana kallon ɗigon. Nan take aka sa shi durƙuso, da laifin rashin mai da hankali ga darasin ruwan sama.

Ana cikin haka labari ya fito cewa Baba Hedimasta zai yi ritaya a ƙarshen zango. Kuma ofishin ilimi zai turo Sufeto ta ga baje kolin ayyukan damina na yara, ta duba malamai, ta ba da shawarar wanda zai hau kujerar.

Kujerar nan fa ba ƙarin magana ba ce. Kujera ce ta gaske, baƙa, mai juyi, a ofis mai fanka da labule. Malam Na-Bita ya daɗe yana sonta, so irin na tsakani da Allah. Duk ranar da Baba Hedimasta ya tafi asibiti ganin likitan gwiwa, sai Malam ya tuna akwai wata takarda da yake nema a ofishin. Mai shara ta sha samunsa a kanta yana juyawa dama, yana juyawa hagu, yana yi wa iska alama da hannu ta zauna. Yanzu ga dama ta zo, kuma ta zo ta hanyar da ya fi kowa ƙwarewa, a ganinsa. Abin nema ya samu.

Aikin damina da aka tsayar mai sauƙi ne, kowace makaranta ta san shi. Kowane yaro ya zo da gwangwani, a huda gindinsa, a zuba ƙasa, a binne ƙwayar wake, a ajiye a bakin taga, a riƙa ba shi ruwa ana kallon yadda yake tsirowa. Yara suka zo da gwangwanaye iri-iri, na madara, na tumatir, na fenti, har da wani da ya zo da gindin tsohuwar fitila. Suka kama aikin da zuciya ɗaya. Wasu suna ba wakensu ruwa har ya yi iyo. Wasu kullum da safe sai sun tone shi sun ga ko ya farka, sannan su mayar. Akwai wanda aka kama yana gutsura wa nasa biskit.

A aji huɗu akwai wata 'yar tela, ƙarama, mai giɓi a gaba, wadda kowa ke kira Mai Giɓi. Ita ce auta a gidansu, ta daɗe tana roƙon uwarta ƙani ba a ba ta ba. Uwarta ta ɗinka wa gwangwaninta riga da ƙyallen atamfa, ita kuma ta sa wa wakenta suna Ƙanina. Da safe kafin ta ajiye jaka sai ta je taga ta gaishe shi. Ranar da ya fasa ƙasa ya fito da kai a lanƙwashe, sai da duk makaranta ta ji ihunta.

Wannan ihun ne ya jawo Malam Na-Bita. Ya shigo ya ga ƙasa a kan benci, ruwa a ƙasa, yara sun yi cincirindo a taga kowa na cewa nasa ya fi. Ransa ya ɓaci. Irin wannan hayaniya Sufeto za ta zo ta gani? Wake ne zai kai shi kujera, sannan a bar shi a hannun yara?

"Kimiyya ba wasan yara ba ce," in ji shi. "Daga yau duk waken aji huɗu yana ƙarƙashin kulawar ofis."

Aka yi layi, kowa da gwangwaninsa a hannu, aka kai ofishin nan mara taga. Malam ya jera su a cikin kabad na ƙarfe, ya rufe, ya sa kwaɗo, ya rufe ofis, ya sa wani kwaɗon. Shi kaɗai ke buɗewa da safe, ya ba kowane tsiro ruwa da cokalin shayi, ya sake rufewa da sauri kada iska ta shiga ta lalata tsari.

Ba a jima ba abin mamaki ya faru. Wata safiya ya buɗe kabad ya ga tsiron sun miƙe. Bayan 'yan kwanaki sun ƙara. Kafin ka ce me, sun kai tsawon taƙi biyu, sirara, farare sol, da 'yan ganye rawaya kamar kunnen ɓera a can sama. Ya ruga ya duba na sauran azuzuwa da ke bakin tagogi. Gajeru ne, kakkaura, kore shar, ko rabin nasa ba su kai ba. Malam ya dawo ofis, ya rufe ƙofa, ya zauna a kujerarsa mai ɗingishi, ya ji abin da manyan masana kan ji idan suka gano abin da duniya ba ta sani ba.

Ya kira taron gaggawa.

"'Yan'uwa," in ji shi, "abin da zan faɗa ko a wajen bita ba a kai gare shi ba. Na gano cewa tsiro kamar ɗan Adam yake. Ka bar shi a bakin taga, yana kallon mai wucewa, yana jin surutu, sai ya tashi gajere, baƙi-baƙi, mara tarbiyya. Ka killace shi, ka raba shi da 'yan zaman banza, sai ka ga tsawo, ka ga haske, ka ga natsuwa. Na sa wa wannan ilimi suna Tsarin Killacewa. Nan gaba za a koyar da shi a wajen bita, da sunana a ƙasa."

Malamar aji biyu, mace mai kunya, ta ɗaga hannu a hankali. "Malam, anya ba rashin hasken rana ba ne ya..."

"Malama, kin je bita?"

"A'a."

"To."

Duk wanda ke ɗakin ya san tsiron da aka rufe a duhu miƙewa yake yi yana neman haske har ya ƙare ƙarfinsa. Abin ma yana cikin littafin kimiyya na aji huɗu, a babin da Malam ya tsallake don ya ce tsohon yayi ne. Amma ba a ƙwace wa yaro garma. Malamin lissafi ma har tashi ya yi ya ba shi hannu, ya ce lallai dogo da hankali dace ne, kuma ga shi an dace. Malam ya yi godiya.

Masani na gaske ba ya barin ilimi a wajen aiki. A gida ya kwashe kayan maiɗakinsa daga durowa ya zuba a kan gado, ya jera gwangwanaye a madadinsu don tabbatar da bincike. Ta dawo daga kasuwa ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon zannuwanta a tsibe.

"Baban yara, wake ne zai riƙa fita unguwa a gidan nan, ko ni?"

Ya yi mata bayani cewa matar hedimasta dole ta koyi sadaukarwa. Ta ce idan ta ga hedimastan za ta fara koya. Ya rubuta wannan a ransa cikin jerin wahalhalun da manyan mutane ke sha daga iyalansu.

A makaranta kuwa 'yan aji huɗu sun zama marayun wake. Sauran yara suna auna nasu da rula, suna zana ganye, suna faɗa a kan wanda ya fi kauri. Su kuma sai labari. Kullum da safe Malam zai shigo ya sanar da su cewa wakensu yana samun ci gaba mai gamsarwa, su tafa. Mai Giɓi ba ta gamsu ba. Lokacin tara, sa'ad da yara ke cin abinci, sai ta je ta durƙusa a ƙofar ofishin, ta kanga baki a ramin makulli ta ce, "Ƙanina, ni ce. Ka sha ruwa?" Malam ya kama ta sau biyu ya kore ta, ya ce tana shigo wa bincike da tasirin waje. Mun yi dariyar abubuwa da yawa na mutumin nan, amma wannan kam bai ba mu dariya ba. Tausayi ta ba mu, kuma mun ji kunyar shirun da muka yi.

Rana ba ta ƙarya. Ranar zuwan Sufeto, Malam ya iso da sassafe cikin sababbin kaya, katinsa an goge shi da man shafawa. Ya zaga makaranta ya ga gajerun waken nan kore a tagogin sauran azuzuwa, ya ji kamar an zage shi. Baƙuwa ta zo ta fara cin karo da waɗannan? Ya ba da umarni da sunan Babban Mai Tsara Ayyukan Yanayi. Aka kwashe su a baro, yara na kuka malamai na haɗiye magana, aka zubar a bolar bayan katanga. Motar shara kuma, wadda ba ta taɓa zuwa a kan lokaci ba tun da aka gina makarantar, ranar ta zo.

Sannan aka buɗe kabad. Aka fito da gwangwanayen aji huɗu a hankali, aka jera su a dogon tebur a tsakiyar fili, inda babu inuwa ko ta tsinke, don kowa ya gani ya shaida. Malamin lissafi ya tambaya ko a kafa musu 'yan sanduna su jingina. Malam ya ce wake mai tarbiyya ba ya buƙatar sanda. Tsiron suka tsaya cirko-cirko, suna ɗan jingina da juna. Ruwa ya ɗauke tun jiya, sama ta wanke tas, rana ta fito da shirinta.

Sufeto ta iso da hantsi. Dattijuwa ce mai tabarau da takalmi mara tsini, ba ta da yawan magana. Aka zaunar da ita a baranda kusa da Baba Hedimasta, iyaye a gefe, yara a ƙasa layi-layi. Malam Na-Bita ya karɓi lasifika ya tsaya a gaban teburin, ya ba shi baya. A wajen bita an koya musu cewa mai jawabi ba ya juya wa jama'a ƙeya ko me zai faru, kuma Malam bai taɓa saɓa wa bita ba.

"Ranki ya daɗe, iyayenmu, abokan aiki, 'ya'yana," ya fara. "Kafin in yi magana a kan wake, ya zama dole in ɗan yi magana a kan kaina, domin ba a gane rijiya sai an san wanda ya haƙa ta."

Ya fara daga haihuwarsa. Yana aji uku a labarin, tsiron farko a ƙarshen tebur ya sunkuyar da kai. Ya kai shekarar da ya gama sakandare, na kusa da shi ya bi. Lokacin da ya iso tashar motar da ya hau zuwa bita, layin gaba duk ya kwanta, wani a kan wani, wasu sun rataya a bakin gwangwani kamar igiyar takalmi. Yara suka fara cewa "Wayyo!" ƙasa-ƙasa. Malam ya ji, ya ji daɗi, ya san labarin wahalar da ya sha a hanya ya ratsa su. Ya ga idanun jama'a duk sun kafe ta wajensa ba mai ƙiftawa, ya ƙara murya.

"Ku dubi abin da ke bayana!" in ji shi, yana nuni da babban yatsa ta saman kafaɗa. "Wannan shi ne abin da hannuna ke yi wa duk abin da aka danƙa mini. Yadda kuka ga waken nan, haka zan mai da makarantar nan. Haka zan mai da 'ya'yanku, ɗaya bayan ɗaya!"

Wata uwa a cikin iyaye ta jawo ɗanta ta rungume. Baba Hedimasta ya cire hula ya duba cikinta kamar ya ajiye wani abu. Malamin lissafi tari ya sarƙe shi, sai da ya koma bayan aji.

Sai da jawabi ya ƙare, rana ta kai tsaka, sannan Malam ya juya cikin isa, hannu a buɗe, don gabatar da abin alfaharinsa. Babu ko ɗaya a tsaye. Tebur ne cike da gwangwanaye, kowanne da farin zare a kwance, wasu har sun fara ƙonewa. Karo na farko tun dawowarsa daga babban birni, bakinsa ya buɗe bita ba ta fito ba.

Sufeto ta taso, ta zo ta sunkuya, ta ɗaga wani tsiro da yatsa ta sake shi. Ko don kirki ne, ko don ta ga iya gudun ruwansa, Allah masani, sai ta ce, "Ai na gane. Gwajin nan ne da ake nuna wa yara abin da ke samun shukar da aka hana haske. Madalla, Malam."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Malam ya kama maganar da hannu biyu.

"Shi ne, ranki ya daɗe! Shi ne daidai! Da gangan na yi. Tun farko abin da na nufa ke nan, sai dai abokan aiki ba su fahimta ba, kin san ba kowa ya je bita ba."

"To ina sauran?"

"Sauran me, ranki ya daɗe?"

"Waɗanda aka bari a haske. Ai sai an jera su gefe da gefe yaro zai ga bambanci."

Malam ya dubi tagogi, babu komai. Ya dubi katanga. Ya dubi malamai, malamai suka dubi sama. Ya share gumi ya ce waɗancan an tura su wani mataki na gaba na bincike, a wajen makaranta. A wannan kam bai yi ƙarya ba.

Sufeto ba ta ja maganar ba. Ta juya wajen 'yan aji huɗu ta ce ita ba ta auna aiki da jawabi, da yara take aunawa. Wa zai gaya mata abin da ya koya daga wannan aikin na damina?

Mai Giɓi tuni ta sulale ta ɗauko gwangwaninta mai rigar atamfa, tana rungume da shi, tana ƙoƙarin tayar da Ƙanina da yatsa yana komawa. Hawaye ya yi mata layi biyu. Ita ce Sufeto ta nuna. Yarinyar ta miƙe, ta haɗa ƙafafu, ta ɗaga kai, ta ba da amsa da cikakkiyar jimla da murya sama, yadda Malam da kansa ya horar da su.

"Mun koyi cewa duk abin da ya shiga ofishin Malam ba ya fitowa da rai."

Sufeto ta cire tabarau ta goge. Ta dubi ƙofar ofishin hedimasta, inda labule ke kaɗawa kujera na leƙowa. Ta dubi yaran makarantar gaba ɗaya, zaune a ƙasa, ƙanana, kowa da ƙurarren ido. Ta mayar da tabarau.

"Na gode, 'yata," in ji ta. "Ni ma yau na koyi abu a wurin malaminku."

Malam Na-Bita ne ya fara tafi. Shi kaɗai ya yi, amma ya yi da ƙarfi.

Sabon zango ya zo da sabuwar hedimasta daga wata makaranta, mace mai jiki, wadda ta zauna a kujerar nan ta cika ta ba saura. Malam yana nan a sitonsa. Duk wanda ya yi kuskuren tsayawa gaishe shi sai ya ji yadda Sufeto guda, da bakinta, a gaban jama'a, ta ce ta koyi abu a wurinsa. Kuma gaskiya yake faɗa, muna wurin. Abu ɗaya ne ya gagari iliminsa har yau: yadda mace za ta koyi darasi a wurin mutum, ta fahimce shi sarai haka, sannan ta ba wata kujerar.